Yadda ƙwayar cuta take kama jikin mutum

Ɗaliban yaƙi da jahilci, ku matso kusa da rediyo.

Duk wanda ya ratsa daji da kaka ya san ƙarangiya. Iska ba ta cire ta daga wando. Girgiza ma ba ta cire ta, don tana da ƙananan ƙayoyi masu ƙugiya. To, ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya haka suke yi cikin jikinmu.

Ido ba ya ganin su. In aka jera 1000 daga cikinsu, tsawon layin bai fi milimita 2 ba. A 1683 wani mutumin Holan mai suna Lewenhuk ya kankare dattin haƙoransa, ya duba da madubin da ya ƙera da hannunsa. Sai ya ga ƙananan halittu suna motsi. Amma sai da aka yi shekaru fiye da 250 kafin a samu madubi mai ƙarfin nuna abin da suke kamu da shi.

Ku yi tunani. Jikin mutum kullum shara yake yi. Miyau yana wanke baki. Majina tana fitar da ƙura. Fitsari yana wanke mafitsara, hanji kuma yana tura abinci gaba. Ƙwayar da ba ta kama wuri ba, waje za ta yi. Saboda haka da yawa daga cikinsu suna da siraran gashi a bayansu, kuma a bakin gashin akwai ƴar ƙugiya. Da furotin aka yi ta, wato irin sinadarin da ke gina tsoka.

Sai dai ƙarangiya kowane zane take kamawa, ita kuwa ƙugiyar bakteriya tana zaɓe. Kowace iri da wurin da ta dace da shi, kamar makulli da kwado. Ta kwalara hanji take nema. Ta sanƙarau bayan hanci da maƙogwaro take zama. Mutane da yawa suna ɗauke da ita nan ba su da ciwo, amma lokacin rani da ƙura, in wurin ya bushe ya ji rauni, tana iya shiga jini. Wadda ke sa zafin fitsari, musamman ga mata, wani irin sukari take kamawa a bangon mafitsara. A 2002 masu bincike a Amurka suka gano ƙugiyarta kamar zarge take: in an ja ta, sai ta ƙara riƙewa.

Kan haƙori kuwa, ɗan farin dattin nan da kuke ji da harshe, taron bakteriya ne. Sukarin shayi da alewa suke juyawa ya zama danƙo, su manne da shi, su fitar da tsami mai cin haƙori. Kurkure baki kaɗai ba ya ɓamɓare su. Sai an goga da asuwaki ko buroshi, safe da dare.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. A garuruwa da yawa, in mace ta haihu, sai a tatse nonon farko a zubar. Ana cewa dakashi ba shi da kyau, a ba jinjiri ruwa ko nonon akuya har kwana 2 ko 3. Na san kakanni da kyakkyawar niyya suke yin haka. Amma ku tambayi makiyayi: maraƙin da bai sha dakashin uwarsa ba, yaya yake ƙarewa? Sau da yawa zawo yake kama shi tun kwanakin farko.

Ga dalili. Cikin dakashi akwai garkuwa mai yawa wadda jikin uwa ya haɗa. Garkuwar tana rufe ƙugiyoyin bakteriya, kamar a naɗe ƙarangiya da auduga. Nonon uwa kuma yana da wasu irin sukari masu kama da na bangon hanji. Ƙwayar cuta sai ta ruɗe, ta kama su maimakon hanjin yaro, ta fita tare da kashi. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suke cewa a sa jinjiri ga nono cikin awa 1 bayan haihuwa, kuma a ba shi nono zalla har wata 6. Ruwan da ake ɗura masa tun da wuri, ko da cokali guda ne, yana iya kawo masa ƙwayoyin da muke magana a kansu.

Maigida, wannan magana ba ta mata kaɗai ba ce. Ka tattauna da iyali da ungozoma tun kafin ranar haihuwa. In kuma zawo ya kama yaro, kada a tsai da nono, a kai shi likita da wuri.

Kafin darasi mai zuwa, ku rubuta kalmomin nan 3 a kan allo: ƙarangiya, ƙugiya, dakashi. Ku lura da ƙa mai lanƙwasa a biyun farko. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.