Aikin da Ba a Tallata Shi a Jarida: Jawabin Taron Cikar Shekara na Ƙungiya, Gumani, Tamale



Shugaban taro, iyayenmu sarakuna, malamai, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwana fatake da kuka taso daga Bawku, Bolga, Yendi da Kumasi, da baƙinmu na ƙetaren iyaka, sannunku da zuwa Gumani. Allah ya saka da alheri.

An ce in yi magana kan guraben aiki a ƙasarmu Ghana. Na karɓa ne domin na san kusan kowane gida a cikinmu yana da yaro ko yarinya da suka gama karatu, suka yi shekarar hidimar ƙasa, yau suna zaune da takarda a akwati.

Bari mu fara da lissafi, tunda mu mutanen lissafi ne. Ƙidayar 2021 ta ce mun kai mutum miliyan 30.8. Ta kuma nuna cewa kashi 13.4 cikin 100 na masu iya aiki ba su da shi, a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 24 kuwa abin ya kusa kashi ɗaya cikin uku. Babban Bankin Ghana yana ƙirga tallan guraben aiki da ke fitowa a jarida da intanet, kuma a wata guda 'yan dubbai ne kawai. Ku kwatanta wannan da yawan waɗanda jami'o'i ke yayewa kowace shekara, har da UDS tamu ta nan da aka kafa a 1992. A farkon 2018 hukumar shige da fice ta nemi mutum 500, aka samu masu nema sama da dubu 80. Wanda ya ga wannan layi ya san ƙofar ta yi wa jama'a kaɗan.

Me ya ƙuntata ƙofar? Gwamnati ce babbar mai ɗaukar masu takarda, ita kuma bashi ya ɗaure mata hannu. Da ta shiga yarjejeniya da IMF a 2015, an taƙaita ɗaukar sababbin ma'aikata, in ban da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. A 2018 aka kawo NABCO don mutum dubu 100, a kan sidi 700 a wata, ya kuma ƙare a 2022. A Disamban wannan shekara hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100, aka sake komawa wurin IMF, kuma a Mayun 2023 ta amince da rancen dala biliyan 3. Kamfanoni masu zaman kansu ma yawancinsu a Ankara da Tema suke. Yaron Tamale ya ga talla a wayarsa, amma kuɗin mota da na masauki kafin ranar ganawa sun isa su hana shi tafiya.

Ga inda nake son mu tsaya mu yi tunani. Mafi yawan masu aiki a ƙasar nan, wajen takwas cikin goma, ba a ofis suke ba. Suna gona, suna kasuwa, suna tasha, suna gareji. Ku shiga kasuwar Aboabo da safe ku ƙirga: masu dako, masu awo, direbobi da yaran mota, masu ɗinkin buhu, masu tura kuɗi ta waya. Tirela ɗaya ta albasa daga Galmi zuwa Kumasi tana ciyar da gidaje masu yawa, amma ba a taɓa tallata ko gurbi ɗaya daga cikinsu a jarida ba. Ashe mu ma masu ɗaukar ma'aikata ne, ko da ba mu kira kanmu haka ba. Haka kakanninmu suka yi a hanyar goro tsakanin Kano da Salaga: madugu ya ɗauki yaro, ya koya masa hanya da ciniki, in ya kawo ƙarfi ya sallame shi da jari.

To, me ya sa 'ya'yanmu ke gudun wannan aiki? Ku gafarce ni, iyayena, gaskiya ɗaci gare ta. Yaro ya yi shekara bakwai a shagon uban gida bai san albashinsa ba, bai san ranar sallamarsa ba. In ya yi magana a ce ba shi da kunya. Ƙannensa suna kallo, shi ya sa suka gwammace layin ɗaukar soja, ko hanyar Agadas zuwa Libiya. 'Yan matanmu kuma suna sauka kudu su zama kayaye, suna kwana a bakin shaguna.

Alhali kuwa fatauci bai taɓa buƙatar masu ilimi kamar yau ba. Takardun kwastan sun koma kan kwamfuta. Ofishin yarjejeniyar cinikin bai-ɗaya ta Afirka yana Ankara, kuma an buɗe cinikin tun Janairun 2021, amma nawa ne a cikinmu suka san yadda ake cika takardar asalin kaya? Mun ɗanɗana rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Mun ga juyin mulkin Nijar a Yulin 2023, da ficewar Burkina Faso, Mali da Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025. Duk wanda ke ƙetara Paga ya san ɗan kasuwar da ke da yaro mai jin Faransanci, mai karanta doka, mai riƙe littafin shiga da fita, shi ne ba ya kwana a iyaka banza.

Don haka ina roƙon ƙungiya abubuwa huɗu kafin taron baɗi.

Na ɗaya, duk wanda ya ɗauki yaro ya rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu: abin da zai riƙa ba shi, shekarun da zai yi, da abin sallama. Mafi ƙarancin albashin yini a 2025 sidi 19.97 ne. Kada a ji ɗan ƙungiyar nan yana biyan ƙasa da haka.

Na biyu, sakatare ya buɗe littafi biyu, ɗaya na masu neman ma'aikaci, ɗaya na 'ya'yanmu masu neman aiki da abin da kowa ya iya. Mu tallata gurabenmu da kanmu, ko a allon ofis, ko a WhatsApp.

Na uku, ƙananan 'yan kasuwa uku ko huɗu su haɗa kuɗi su ɗauki akawu ɗaya, mace ko namiji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, mu yi wa direbobi da yaran shago rajista da SSNIT, don tsufa ba ya sallama kafin ya shigo.

Ku kuma samari da 'yan mata, ku ci gaba da neman aikin ofis, ba mu hana ku ba. Amma kafin kira ya zo, ku zo ku riƙe mana littafi, ku koyi hanya. Wanda ya san farashin masara a Tamale da na Wagadugu a rana ɗaya, ya kuma iya rubuta shi, ba zai rasa mai nemansa ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a cinikinmu, ya mayar da kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.