Sanyin Ingila na Shekarar 1947

Jama'a, ku da ku ke kukan hunturu, bari in ba ku labarin wani sanyi da aka yi a Ingila cikin shekarar 1947. Can in sanyi ya tsananta, ruwan sama ya kan zubo fari fat kamar auduga, ya taru a ƙasa. Shi a ke kira dusar ƙanƙara. Tun daga ƙarshen Janairu har tsakiyar Maris ta yi ta zuba, ta binne hanyoyi, jiragen ƙasa suka tsaya cik. Kwal kuwa, wanda da shi su ke ɗumama ɗaki, ya daskare a bakin rami, ba halin kai shi gari. Aka riƙa ɗauke lantarki sa'a 5 kowace rana.

To, da wuta ta yi wuya, sai mutanen gida suka koma ɗaki guda, kaka da jika, murhu ɗaya. Maƙwabcin da dā gaisuwa kaɗai ke tsakani, ga shi da shebur yana haƙa hanya zuwa ƙofar tsohuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, fursunonin yaƙi, mutanen Jamus. Ko shekara biyu ba a yi ba da barin harbin juna, amma su ne suka kama shebur tare da sojan Ingila suna buɗe hanyar jirgi.

Ƙauyukan da hanya ta yanke, jiragen sama suka riƙa jefa musu abinci. Ran 13 ga Fabrairu ɗaya ya faɗi kusa da ƙauyen Girindon, mutum 8 suka rasu, garin kai abinci ga mutanen da ba su taɓa gani ba.