Jawabi Ga Ɗaliban Yaƙi Da Jahilci: Hattara Da Man Bilicin

Jawabin wannan wata a kan man shafawa ne mai sa hasken fata, wanda ake kira bilicin. A da sai a birni ake ganinsa. Yanzu kuwa ya shigo kasuwannin ƙauye, har masu gyaran jikin amare suna haɗa nasu a roba su sayar.

Akwai hukumar da ke lura da wannan sana'a. Sunanta NAFDAC. An kafa ta a 1993 domin ta kula da ingancin abinci da magunguna da kayan kwalliya. A 2023 shugabarta, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta yi gargaɗi a Kano cewa bilicin ya zama babbar barazana ga lafiyar jama'ar ƙasa.

Abubuwa uku ne suka fi yin ɓarna. Na farko zaiba, wadda ake rubutawa Mercury. Tana kashe ƙoda, tana kuma iya kaiwa ga ɗan da ke ciki. Doka ta hana sa ta a man shafawa. Na biyu Hydroquinone. An hana ya wuce kashi 2 cikin 100, kuma in an daɗe ana shafa shi sai fuska ta yi baƙin tabo mai wuyar fita. Na uku maganin ciwon fata irin su Clobetasol, wanda likita ne kawai ya kamata ya rubuta shi. Yana sa fata ta yi laushi ƙwarai, har in an ji rauni ko an yi tiyata ta ƙi haɗewa da wuri.

To, a nan karatunku zai yi rana. Kafin ku biya kuɗi, ku juya kwalbar ku duba lambar rajistar NAFDAC. Ku duba sunan kamfani da ranar lalacewa. Ku karanta abin da aka zuba ciki. Haɗin da ba shi da takarda, ku bar shi, kome kirkin mai sayarwa. Mai gyaran jiki ta gari ba ta ɓoye abin da take shafa wa amarya, kuma ba ta yi wa kowa allura, domin wannan aikin ma'aikatan lafiya ne.

Iyaye mata, kada a shafa wa yara. Wadda fatarta ta riga ta lalace ta tafi asibiti, ba wurin mai haɗi ba. Kada garin neman gira a rasa ido.

Allah ya ba mu lafiya, amin.