Alherin Allah da Karyayyar Zuciya



An nemi in yi magana kan yadda bangaskiyar Kirista ke warkar da mutumin da rayuwa ta karya. Zan fara da laifin da muka fi yi wa irin wannan mutum, wato gaggauta shi. Mace ta rasa miji, ko mako ba a yi ba ana ce mata, "Mama, ki yi haƙuri, ki bar wa Allah, kuka ba na mai bi ba ne." Saurayi ya faɗa shaye-shaye, ya tuba gaban jama'a ranar Lahadi, mu kuma muna so Litinin ta same shi sabo fil. Niyyarmu mai kyau ce, amma ba haka Littafi Mai Tsarki ya bi da karyayyu ba.

Cikin zabura guda 150, kusan kashi ɗaya bisa uku kuka ne da kai ƙara gaban Allah. Ta 88 ma cikin duhu ta ƙare, babu kalmar ta'aziyya a ƙarshenta, kuma ba a cire ta daga littafin sujada ba. Ku duba annabi Iliya a 1 Sarakuna 19. Bayan nasarar Dutsen Karmel, barazanar Yezebel ta kore shi har jeji, ya zauna ƙarƙashin wani itace yana roƙon mutuwa. Me Allah ya aiko masa? Gurasa da tulun ruwa. Ya ci, ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci. Sai da ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb kafin a tambaye shi abin da ke damunsa. Mu da wa'azi za mu fara, wataƙila ma da tsawa.

Wannan wanda tsoro da gajiya suka karya ke nan. Akwai kuma wanda ya karya kansa da kansa, kuma a nan alheri ya fi bayyana. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a farfajiyar babban firist, yana jin ɗumin wuta tare da bayi da dogarai. A Yohanna 21, a bakin Tekun Tibariya, Yesu ya hura garwashi, ya ɗora kifi, ya ciyar da shi tukuna. Daga nan ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, kuma marubucin bai ɓoye mana ba cewa tambaya ta uku ta sosa wa Bitrus rai. Wanda ya taɓa zama gaban maɗori ya san wannan: sai an ja ƙashin, mai karaya yana ihu, kafin a ɗaura kara. Yesu bai yi kamar ba abin da ya faru ba, bai kuma sa shi biyan komai ba. Ya taɓa ciwon, sannan ya damƙa masa kiwon tumakinsa.

Bari mu dawo gida. A 1992, lokacin da rikicin Zangon Kataf ya bazu zuwa Kaduna, Fasto James Wuye, wanda ke jagorantar matasan Kirista a faɗan, ya rasa hannunsa na dama. A ɗaya ɓangaren, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, suka fara aikin sulhun da ya kai su har Yelwan Shendam bayan kashe-kashen 2004. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da Wuye ya faɗa da bakinsa, cewa ya shafe shekaru yana aiki kafaɗa da kafaɗa da Ashafa alhali tunanin kashe shi bai bar zuciyarsa ba. Fasto ne fa, yana wa'azi! Gafarar ta zo, amma a hankali, kuma hannun bai dawo ba, na roba yake sawa. Ba abin mamaki ba ne, tunda Almasihun da ya tashi daga matattu ma da tabon ƙusoshi ya tsaya gaban Toma.

'Yan'uwanmu na ikilisiyar EYN sun koyi wannan da tsada. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yansu ne, a watan Oktoba kuma Boko Haram ta mamaye hedkwatarsu a Kwarhi. Cikin ayyukan da suka sa gaba bayan haka akwai tarukan warkar da raunin zuciya, inda ake barin mutum ya ba da labarinsa, ya yi kukansa, ba mai katse shi da aya.

Saura magana ɗaya, kuma ga fastoci nake yin ta. Idan ɗan ikilisiya ya yi makonni ba barci, ya daina cin abinci, ko ya fara zancen kashe kansa, ku yi masa addu'a, sannan ku kai shi wurin likita. Akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Sakkwato. Kada ku tura shi shi kaɗai. Wani dattijo ko wata uwar zumunta su raka shi, su kuma riƙe ranar da likita ya ce a dawo.