Lissafin Lantarkin Iska: Abin da Lambar Rimi ta Koya Mana

 

Bari in fara sallamar masu tambayar da na san tana nan tafe: me ya hana a kafa mana injinan iska a nan unguwar Durumi ta Abuja, mu huta da ƙarar janareta? Iskar Abuja ba ta kai ba. Taswirorin iska sun nuna cewa ƙarfinta a ƙasar nan yana can arewa, wajen Katsina da Sakkwato, sai kuma tudun Jos. Amma a Abuja ake rattaba hannu a kan kwangila, a nan ake ware kuɗi, a nan kuma takardu ke kwana, don haka maganar ta shafe mu.

A Lambar Rimi, cikin ƙaramar hukumar Rimi ta jihar Katsina, akwai tashar lantarki mai aiki da iska wadda aka tsara za ta ba da megawat 10. Injina 37 ne, kowanne mai ƙarfin kilowat 275, bisa turaku masu tsawon mita 55. Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ne ya faro maganar a 2005 yana gwamna, daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓe aikin, aka ba kamfanin Vergnet na ƙasar Faransa kwangilar. A watan Disamba na 2012 'yan bindiga suka kai hari gidan da injiniyan kamfanin, Francis Collomp, yake zaune a Rimi, suka tafi da shi. Ƙungiyar Ansaru ta ce ita ta yi. Sai a Nuwamba 2013 ya kuɓuce musu a Zariya. Aiki ya tsaya, kaya suka sha rana da damina, ɓarayi suka sami abin kwasa. Bayan haka ministoci sun yi ta zuwa suna sanya ranar buɗewa, ranar tana wucewa.

Mutane da dama suna ba da wannan labari a matsayin na rashin tsaro, kuma ba su yi ƙarya ba. Ni dai a wurina labarin kuɗi ne, domin jinkiri ya fi yi wa tashar iska illa a kan yadda yake yi wa tashar gas.

Mai tashar gas yana kashe kuɗi wajen gini, sannan ya ci gaba da sayen gas kullum. Ranar da bai kunna ba, aƙalla bai sayi gas ba. Mai tashar iska kuwa kusan dukan kuɗinsa yana zuba su ne tun kafin fukafukai su yi juyin farko: injina, turaku, kankaren tushe, hanya, tiransifoma, layin wuta. Daga nan sai ya zauna jiran wajen shekara 20 yana mayar da jarinsa kaɗan-kaɗan. Idan bashi ya ciwo, kuɗin ruwa na tafiya ko injin na juyawa ko yana kwance. Sannan da kuɗin waje ake sayo injin, a sayar da wutar da naira. A 2010 dala ɗaya wajen naira 150 take. A 2024 ta haura 1,500. A ƙarshen shekarar 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari. Ku gaya mini ɗan kasuwar da zai ci bashin naira a kan wannan farashi don aikin da sai bayan shekaru goma zai fara ganin riba. Iska kyauta ce, haka ne, amma abin da mai sayen wuta yake biya a zahiri kuɗin bashi ne.

Ita kanta iskar tana da nata lissafi, kuma ina roƙon ɗalibai su rubuta shi. Wutar da injin ke samu ba daidai take tafiya da gudun iska ba: idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin sau takwas yake ninkawa. Iska mai gudun mita 6 a daƙiƙa da mai mita 7 kamar ba su da wani bambanci a kunne, amma 6 sau 6 sau 6 shi ne 216, ita kuwa 7 tana ba da 343. Bambancin ya kusa kashi 60 cikin ɗari. Shi ya sa babu bankin da zai saki kuɗi sai an kafa dogon ƙarfe an auna iskar wurin na aƙalla shekara guda, hunturu da bazara da damina. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka kuma megawat 10 da ake rubutawa a allo, ƙololuwar abin da injinan za su iya ke nan. Shekara tana da awa 8,760. In da za su yi aiki ba tsayawa da cikakken ƙarfi, za a sami megawat-awa 87,600; in muka ƙaddara kashi ɗaya cikin huɗu, sai ya dawo 21,900, kuma da wannan ne za a biya bashi da albashi.

A nan jinkirin ya sake cutar da Lambar Rimi ta wata fuskar. Tana jira, sana'ar ta wuce ta. Ku dubi Taiba N'Diaye a Senegal, wadda ta fara ba da wuta a ƙarshen 2019: injina 46 kacal, amma megawat 158, domin kowane ɗaya ya haura megawat 3, kuma turkensa ya wuce mita 100, inda iska ta fi ƙarfi ta fi daidaito. Injin guda a can ya fi goma sha biyu na Rimi. Sai dai ƙananan injinan Vergnet suna da wata fa'ida da ban cika jin ana faɗa ba. Fukafukai biyu gare su, kuma ana iya kwantar da su ƙasa a gyara, ba sai an nemo ƙaton injin ɗaga kaya ba. Wanda ya san hanyar Legas zuwa Katsina, sama da kilomita dubu, zai gane wahalar jan fiffiken babban inji mai tsawon mita 60 a bayan tirela. Ga ƙurar hunturu da ke cin bakin fukafukai tana toshe matatan injin, ga kayan gyara da sai an jira su daga Turai.

Kada kuma wani ya ɗauka mu kaɗai muke tuntuɓe. Tashar tafkin Turkana a Kenya, mai megawat 310 da injina 365, an gama ta a 2017, amma layin da zai kwashe wutar, mai tsawon fiye da kilomita 400, bai kammala ba sai a 2018, saboda ɗan kwangilarsa ya karye. Kenya ta biya diyyar wutar da babu wanda ya sha. Abin lura shi ne, a can akwai yarjejeniya da ta faɗi wa zai biya idan an yi latti, don haka latti ya yi wa wani zafi, aka hanzarta. A aikin da ma'aikata ke ginawa daga kasafin kuɗi, wa latti yake ƙonawa? Ministan ya sauya, daraktan ya yi ritaya, kasafin bana ya zo rabi.

Sai mai saye. Wutar Katsina a yankin kamfanin rarraba wuta na KEDCO take, kamar yadda tamu take hannun AEDC, kuma sanin kowa ne kamfanonin samar da wuta sun daɗe suna kukan bashin da suke bin kasuwar. Mai jari ba zai kafa turke ko ɗaya ba sai ya ga takardar wanda zai sayi wutar shekara 20, da wanda zai tsaya masa in mai sayen ya gaza.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa tasu kasuwar wuta. A ganina nan ƙofar take. Jiha kamar Katsina za ta iya haɗa iska da farantan sola a fili ɗaya, a kan layi ɗaya da tiransifoma ɗaya, tunda a yankin Sahel iskar sama takan ƙarfafa da dare da hantsi, ta kuma sayar kai tsaye ga asibiti, jami'a, matatar ruwa da masana'antun da yanzu suke ƙona dizal. Waɗannan su ne ke da dalilin biya a kan kari, domin sun san abin da lita ɗaya ke ci musu. Manomin da aka karɓi gonarsa kuma a ba shi hayar shekara-shekara, a bar shi ya yi nomansa a gindin turaku, yaran ƙauyen su zama masu gadi da masu gyara. A haƙiƙa ban ga tsaron da ya fi wannan araha ba.