Jabun Takardu Da Neman Mafaka A Ƙasashen Waje: Jawabi Ga 'Yan'uwa Mazauna Mubi

 

Babu wanda zai koya wa mutumin Mubi ma'anar gudun hijira. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 da 'yan Boko Haram suka shigo garin nan, da yawa daga cikinmu da ƙafa suka tsallaka Kamaru, ba fasfo, ba katin shaida. A 2015 kuma mun ga dubban 'yan Najeriya da aka dawo da su ta kan iyakar Sahuda. Bayan wannan ne wasu dillalai suka mai da wahalarmu kasuwa. Suna ce wa yaranmu sunan Mubi kaɗai ya isa a samu mafaka a Turai, muddin aka biya su suka haɗa takardu: rahoton 'yan sanda, wasiƙar barazana, takardar mutuwar mahaifi. A kan haɗarin wannan ciniki nake son in ja hankalinmu.

Da farko mu san haƙƙinmu. Yarjejeniyar Janiba ta 1951 ba ta sa takarda a matsayin sharaɗin neman mafaka ba. Abin da take dubawa shi ne ko mutum yana da ƙwaƙƙwaran dalilin jin tsoron a zalunce shi saboda addininsa, ko jinsinsa, ko ƙasarsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ko rukunin mutanen da yake ciki. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta ƙara da wanda ya gudu saboda rikicin da ya dagula zaman lafiya a ƙasarsa.

Jabun takarda iri biyu ce a idon doka. Ta farko ita ce wadda mutum ya yi tafiya da ita don ya tsira da ransa. Sashe na 31 na yarjejeniyar 1951 ya ce kada a hukunta ɗan gudun hijira don ya shiga ƙasa ba bisa ƙa'ida ba, amma da sharuɗɗa: ya taho kai tsaye daga inda ake barazana ga rayuwarsa, ya miƙa kansa ga hukuma ba da ɓata lokaci ba, ya kuma bayyana dalilinsa. Wanda ya ɓoye fasfon jabu har sai da aka kama shi da shi, ya raunana wannan kariya da hannunsa. Ta biyu ita ce wadda aka ƙirƙira don a gaskata labari. Wannan babu wani sashe da ya kare ta.

Ga abin da ke biyo baya. A Ingila, dokar takardun shaida ta 2010 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 10 ga wanda aka samu da takardar shaida ta jabu da niyyar yaudara. A Amurka, idan alƙali ya tabbatar mutum ya shirya ƙarya da gangan a takardar neman mafakarsa, bayan an gargaɗe shi, to har abada an rufe masa ƙofar samun izinin zama ƙarƙashin dokar shige da fice. A Tarayyar Turai kuwa, tun 2003 ake tara zanen yatsun masu neman mafaka a rumbu guda mai suna Eurodac. Wanda aka ƙi a Italiya ya sake suna ya nufi Jamus, yatsunsa za su tona shi. Ko an ba mutum mafakar, in daga baya aka gano da ƙarya ya samu, ana iya soke ta, kuma matar da 'ya'yan da suka dogara da takardarsa su shiga matsala tare da shi. Dillalin kuwa yana gida, ya riga ya cinye kuɗinsa.

Asarar da ta fi ciwo ita ce ta mai gaskiya. Mutum an ƙone masa shago, an kashe masa ɗan'uwa, amma sai ya ƙara da takarda ɗaya ta saye. Da zarar jami'i ya gano ta, sai ya fara shakkar duk sauran abin da ya faɗa.

Mu mazauna muna da jarabawa ta musamman. Da yawanmu a nan aka haife mu, amma takardar asalin ƙaramar hukuma tana nuna Kano ko Katsina ko Zariya, sai mutum ya ga kamar dole ya sayi ta Mubi. Masu binciken mafaka ba ɗan asali suke nema ba. Inda ka zauna da abin da ya same ka suke tambaya. Katin zaɓe, takardar makarantar yara, rasidin haya, katin ƙungiyar kasuwa, duk shaida ce ta gaskiya. Su ne ya kamata mu adana, mu kuma ɗauki hotonsu mu ajiye.

Sai dai ba zan ɓoye muku ba: za a tambaye ka me ya hana ka komawa Kano ko wani gari da ke zaune lafiya a Najeriya. Da wannan tambaya ake ƙin mutanenmu da yawa. Wanda ba shi da amsa ta gaskiya, gara ya san haka tun kafin a sayar da gida ko gona. Talauci da rashin aiki, duk da zafinsu, ba sa cikin dalilan ba da mafaka.

Saboda haka iyaye, duk yaron da ya zo da maganar wani mai haɗa takardu, a zaunar da shi. Neman mafaka ba a sayensa, kuma Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko kwabo a kan aikinta. Wanda kuma ɗansa ya riga ya miƙa takardar jabu a can, a gaya masa ya sanar da lauyansa tun kafin hukuma ta gano da kanta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya zaunar da garinmu lafiya, ya tsare mana zuriya. Wassalamu alaikum.