Makamin haya

Jawabi ga ƴan kasuwa da ma'aikatan Magariya da Dungas

Ɗan kasuwar da ya ɗauki hayar mota zuwa Maigatari ya sani, ranar da kuɗi suka yanke, makulli na mai mota ne. Haka cinikin makamai ya koma. A 2025 sojan Amurka suka ƙulla yarjejeniyar manhaja ta shekara 10 da kamfanin Palantir, mai iya kai dala miliyar 10. Nijar ta karɓi jirage marasa matuƙi Bayraktar TB2 a 2022, amma manhajar da ke tuƙa su ta kamfanin Baykar na Turkiyya ce. Ƙarfe dai ana ƙirga shi a bariki, duk da haka binciken 2020 ya ce miliyar 76 na sefa sun salwanta a kwangilolin ofishin ministan tsaro. To, abin da ido bai gani, ana biyan shi kowace shekara, wa zai ƙirga shi?